"Kai!" na kira da "kai!" na mamaki: amsa ga wani yaron shago a Jos

Tambaya: Wani matashi mai tsaron shagon wayoyi a titin Ahmadu Bello, kusa da Taminus a Jos, ya ce maigidansa ya yi masa faɗa sosai saboda ya ɗaga murya ya ce wa wani kwastoma "Kai!" lokacin da mutumin ya juya zai tafi ya bar canjinsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, maigidan da kansa wuni yake yi yana cewa "kai", har a gaban dattawa da matan aure, kuma ba wanda ya taɓa jin haushi. Yana so ya san ma'anar kalmar, ko zagi ce, da kuma abin da zai kira mutumin da bai san sunansa ba. Ya kuma tambaya ko "baba" da "oga" da samari ke yi sun wadatar.

Amsa: Ƙanena, maigidanka yana da gaskiya, kai ma kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Abin da ke fita daga bakinsa da abin da ya fita daga naka rubutunsu ɗaya, amma kowanne da aikinsa. Na daɗe ina koyar da Hausa a garin nan, kuma wannan yana cikin abubuwan da mai harshe ke yi daidai tun yana yaro ba tare da an taɓa zaunar da shi an gaya masa dalili ba.

"Kai" naka, wato na kira, wakilin suna ne, ɗan gidan su ni, ke, shi, ita, mu, ku, su. Namiji ɗaya yake nunawa, wanda kake magana da shi. Na maigidanka kuwa masu nahawu suna sa shi cikin kalmomin motsin rai, tare da kash, wayyo, haba, af, tir. Wannan ba ya nuna kowa. Abin da ya faru ne ya bugi zuciyar mai magana, sai kalmar ta fito.

Ga hanya mai sauƙi ta rarrabe su. Ka sa mace a wurin, ko taron mutane, ka ga ko kalmar za ta sauya. In kira ne, dole ta koma "ke" ga mace, "ku" ga jama'a: kai yaro, ke yarinya, ku yara. In motsin rai ne, tana nan yadda take ko da wa ake magana. Mace takan ce wa 'yar'uwarta mace, "Kai, wannan atamfa ta yi kyau," ba kuma wanda zai ce ta mai da ita namiji. Tsohuwa tana zaune ita kaɗai a ɗaki, ta miƙe gwiwa ta amsa, ta ce "Kai!" Da wa take? Ka saurari bambancin "ku jama'a" da "kai jama'a". Wanda ya ce "ku jama'a" yana so a juyo a saurare shi. Wanda ya ce "kai jama'a!" abin ne ya ishe shi, ko da ba kowa a wurin. Haka "kai duniya!" Duniya a Hausa mace ce, muna cewa duniya ta yi daɗi, ta yi zafi, amma mai takaici "kai duniya" yake cewa. Sai mai waƙa ko mai wa'azi da ya tsayar da ita yana yi mata magana ne zai ce "ke duniya".

Murya ma tana taimakawa. Na kira gajere ne, a sama yake tsayawa, kamar an jefa shi. Na motsin rai yawanci jan sa ake yi, muryar ta taso ta sauko. Shi ya sa ko daga bayan katanga kake, kana jin an faɗa ka san ko yaro ake wa tsawa ko labari ne ya ba wani mamaki.

Na maigidanka, wanda kake ji safe da yamma, yana da faɗi sosai, kuma a kasuwa ne ya fi nuna gwanintarsa. Mai saye ya ji kuɗin waya ya ce, "Kai! Har nawa?" Mamaki ke nan, da ɗan nuna cewa an yi tsada. Ya taya, maigida ya girgiza kai ya ce, "Kai, albarka." Ƙin sallamawa ke nan, amma cikin laushi, ƙofar ciniki ba ta rufe ba. Da zai ce "Kai, ina!" to tayin ya yi nisa da gaskiya. Aka kunna wayar hoto ya fito tar, sai mai saye ya ce, "Kai, wannan ta haɗu." Yabo ke nan. Wani ya shigo yana rawar ɗari cikin watan Disamba ya ce, "Kai, sanyin bana ya fi na bara." Ƙorafi ne da ake rabawa, kowa ya amsa. Aka kawo labarin rasuwar maƙwabcin shago, sai a ce, "Kai, Allah ya jiƙansa," a nan kuma tausayi ne tsantsa. In aka tausasa shi ya zama "kayya", to shakka ce ko fid da rai: "Kayya, da wuya ya dawo da kuɗin nan."

Akwai wani aikin da na fi so a cikinsu duka, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. "Kai" yakan shigo tsakiyar magana don mai magana ya gyara abin da ya faɗa ko ya ƙara masa nauyi. "Ya sayi biyu, kai, uku ma." Ko kuma mai ba da labarin biki ya ce, "An zo daga Bukuru, an zo daga Bauchi, kai, har daga Legas." A nan kalmar tana gaya wa mai sauraro cewa abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce. Tsofaffi masu iya labari suna amfani da shi ƙwarai, kuma mai wa'azi ko mai jawabi da ya san inda zai ajiye shi yana riƙe jama'a da shi.

Duk waɗannan ba wanda ke taɓa mutuncin kowa, domin ba a kan mutum suke sauka ba. Shi ya sa maigidanka zai faɗe su gaban Hajiya ko gaban liman, a wuce lafiya.

Naka kuwa a kan mutum ya sauka. "Kai!" na kira, in ya fito shi kaɗai ba suna ba laƙabi, kamar nuna mutum da yatsa ne. Ba zagi ba ne, don ba za a kai ka gaban mai unguwa a ce ka zagi wani ba. Amma yana ɗauke da wani zance da ba a furta ba: ni da kai, ko dai ina gaba da kai, ko kuwa mun saba har ba sauran kara tsakaninmu. Uba zai ce wa ɗansa "kai", malamin allo zai ce wa almajiri, yaya zai ce wa ƙane, abokai da suka tashi tare a Gangare ko Unguwar Rogo za su yi ta jefa wa juna, ba komai. Daga sama yake gangarowa, ko ya tafi a kwance tsakanin tsara. Ba ya hawa sama. Kwastoma kuwa, ko da sa'anka ne, muddin ya shigo shagonku a sama yake, don baƙonku ne kuma da kuɗinsa ya zo. Wanda aka kira haka yakan juyo ya ce, "Wa kake ce wa kai? Ba ni da suna?" Wasu ma su mayar maka da cewa kai yana bisa wuya. Wannan amsar ta nuna maka abin da ya yi musu ciwo: an tsallake sunansu da matsayinsu.

Na san niyyarka alheri ce, canjinsa kake so ka ba shi. Amma mutum yana jin kiran kafin ya san dalilin kiran, kuma a tsakanin nan ransa ya riga ya ɓaci. Maigidanka ya san cewa mai saye yakan manta da rangwamen da aka yi masa, amma ba ya manta shagon da aka raina shi.

"Ke!" ta fi "kai!" kaifi, kuma ina so ka riƙe wannan da kyau. Ka ce wa matar aure ko babbar mace "ke!" a bainar jama'a, ka tsokano abin da ba kai kaɗai zai shafa ba, domin mijinta da 'ya'yanta da ƙannenta duk za su ji an taɓa su. Ko budurwa ce, in ba ƙanwarka ba, "ke" daga bakin saurayin da ba ta sani ba tana jin ta ne kamar tsawa ko neman tsokana.

Kada kuma ka ɗauka ƙara wata kalma a bayansa yana wanke shi kullum. "Kai ɗan samari" daga bakin dattijo yana da daɗin ji. "Kai mai lemo" a tasha ya saba, ba wanda ke damuwa, ko da yake cire "kai" ɗin ka ce "mai lemo!" kawai ya fi kyau kuma yana isarwa. Amma "kai malam" wani abu ne dabam. Ka tsaya a Farin Gada ko tashar titin Bauchi lokacin cunkoso, ka saurari direbobi da masu Keke. In ka ji "kai malam", to abin da zai biyo baya da wuya ya zama gaisuwa. "Malam" ɗin girmamawa ce, "kai" ɗin ya zo ya kwashe ta.

Akwai wurare biyu da wannan ƙa'ida take sassautawa. Na ɗaya, haɗari. In ka ga mota ta yo kan dattijo, ko yaro ya miƙa hannu ga wayar wuta, ka ƙwala "Kai! Kai! Kai!" iya ƙarfinka. Ba mai hankalin da zai riƙe ka da wannan, domin ba kalmar da ta fi ta saurin tsayar da mutum cak. Na biyu, kunya. A gidajen da ake riƙe da al'adar ɗan fari, uwa ba ta kama sunan ɗanta na farko, sai ka ji ta ce "kai" ko "wannan yaron" ko wani laƙabi, ko da ya yi gemu. Wanda bai san al'adar ba zai zaci ko-in-kula ne, alhali alkunya ce, kuma ɗan ya san hakan sarai. Wannan ya nuna maka cewa nauyin kalmar yana ga wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa.

Yanzu batun Jos, don garin nan yana da nasa hali. Hausa ta kafu a nan ne tare da haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa daga Kano, Zariya, Bauchi, Barno da kudu. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Bukuru a 1914. 'Yan mishan ma da Hausa suka yi wa'azi da koyarwa, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Ta haka Birom, Anaguta, Afizere, Angas, Tarok, Yarbawa, Ibo da sauransu suka mai da Hausa harshen kasuwa, na tasha, na coci, na maƙwabtaka. Wanda ya koyi Hausa a matsayin harshe na biyu sau da yawa ba ya matsa wa bambancin namiji da mace yadda Bakano ko Basakkwace yake yi. Saboda haka za ka ji wani ya ce wa mace "kai", ko ya ce wa dattijo "kai, zo mana" da zuciya ɗaya, bai nufi komai ba. In irin wannan ya zo maka, kada ka yi saurin hawa. Ka dubi fuskarsa da muryarsa. Amma kai da ka sha Hausa a nono ba ka da wannan uzurin, kuma masu jin ka sun san ba ka da shi.

Akwai kuma abin da ba na so in tsallake. Tun rikicin Satumbar 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni da yawa sun rabu, mutane sun koma inda suke jin kwanciyar hankali. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, amma kewayenta yana cikin wuraren da har yanzu kowa da kowa ke haɗuwa. Wanda ya zo shagonku wataƙila daga unguwar da ba ka taɓa shiga ba ya fito, shi ma bai taɓa shiga taku ba. Yadda ka kira shi yana iya zama duk abin da zai sani game da mutanenka a wannan makon. Ina ɗaukar wannan da muhimmanci ƙwarai, kuma ina so yaran shago su ɗauka haka.

To da me za ka kira wanda ba ka san sunansa ba? Hausa ba ta rasa ba, kuma dabarar duk ɗaya ce: ka ba shi matsayi, in ma za ka yi kuskure ka yi shi ta sama. Namiji babba: malam, maigida, yallaɓai, baba in ya haife ka, alhaji in ka ga alama. Mace: hajiya, mama, anti, malama. Wanda na fi ba da shawara ga baƙo tsantsa shi ne "bawan Allah" da "baiwar Allah", domin ba su tambayi addini ko ƙabila ko shekaru ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushinsu ba. "Ɗan'uwa" da "'yar'uwa" ma suna aiki ga sa'anninka. In ka san dattijon Birom ne, ka ce masa "Da", dattijuwa kuma "Ngo", ka ga yadda fuska za ta saki. Kada ka riƙa liƙa wa kowa "alhaji" don kawai ya sa babbar riga. Wasu suna jin daɗi, wasu kuma suna jin kamar kana shirin ƙara musu kuɗi ne. Ga wanda ba Musulmi ba, "oga" ko "baba" ko "madam" sun fi dacewa. Sannan ka haɗa da "don Allah" ko "gafara dai" ko sallama. Da ka ce, "Maigida, don Allah ga canjinka," da godiya za ka samu. In ya yi nisa, ka fita ka bi shi. Taku goma ba su da yawa.

Ga dattijo sosai, akwai matakin da ya fi wannan, wato ka yi masa jam'i: "Baba, kun manta canjinku." Yaran yanzu sun fara sakin wannan, ni kuwa ina ganin asara ce, don ba abin da yake ci maka.

Sai kalmomin sara da ka tambaya. "Oga" daga Yarbanci ta shigo, ta zauna daram, kuma a shago ba ta da laifi ga namiji mai matsakaicin shekaru. "Ciyaman" da "bos" na samari ne da masu son a kambama su, suna tafiya a wurin cajin waya ko wurin wankin mota, amma kada ka gwada su kan malamin addini ko dattijo mai furfura. "Baba" kuwa kashi biyu ce, kuma nan ne yara ke zamewa. Akwai "baba" ta girmamawa, a taƙaice, da murya ƙasa. Akwai kuma ta majalisa, wadda ake ja, "baaba, ya ne?", tsakanin abokai, tare da su "mutumina" da "mazaje". Wannan ta biyun matsayinta ɗaya da "kai" na tsara: tana cewa ni da kai ɗaya muke. In ka ja ta ga mutumin da ya haife ka, ka koma gidan jiya. Sara ba laifi ba ce, kowane zamani da tasa, ta iyayenmu ma ta zo ta wuce. Abin lura kawai shi ne an yi ta ne don 'yan gida ɗaya su gane juna, shi ya sa take ƙaiƙayi a kunnen wanda ba ya cikinsu.

"Aboki" tana bukatar kalma ɗaya. Tsakanin Hausawa "abokina" kalmar ƙauna ce. Amma a Legas da Abuja da wasu garuruwa an mai da "aboki" sunan kiran duk ɗan Arewa mai shayi, mai gyaran takalmi, mai tura ruwa ko mai gadi, kuma sau da yawa da raini a ciki. Shi ya sa wasu ba sa son jin ta daga bakin baƙo. A Jos ba ta kai haka zafi ba, don kusan kowa ya san ainihin ma'anarta, amma ba zan ba ka shawarar kiran kwastoma da ita ba.

Kira ba da baki kaɗai ake yi ba. Wannan "sss" da ake yi wa mai talla ko mai abin hawa a bakin titi, da fito, da tafi, da ƙyasta yatsu, duk a layin "kai!" suke, wasu ma sun fi shi muni. A kan titi an saba, don hayaniya ba ta barin a ji suna. Har ma kira yakan zama suna: a garin nan mai babur ɗin haya, wanda ake ce wa ɗan acaɓa a wasu wurare, "goyin" aka san shi da shi, daga kalmar Turancin da ake tambayar fasinja da ita ko tafiya zai yi. Amma a cikin shago, inda tsakaninka da mutum bai wuce kanta ba, kada ka yi wa kowa "sss". In za ka yafito mutum, da hannun dama, tafin yana kallon ƙasa. Hagu ba ta kiran mutum, ba ta miƙa canji.

Tunda kana harkar waya, na san rabin cinikinku a WhatsApp yake. A rubuce murya ba ta fita, saboda haka "kai" na mamaki yana iya komawa na tsawa a idon mai karatu. In kwastoma ya turo tayi ka rubuta masa "Kai" shi kaɗai, bai san ko dariya kake yi ko faɗa ba. Samari suna magance wannan da jan harafi, su rubuta "kaiii", kuma tsakanin abokai hakan yana isar da saƙo. Ga kwastoma, ka cika maganar: "Kai, maigida, wannan tayin bai kai ba, ka ɗan ƙara." Waƙafin da ke bayan kalmar da laƙabin da ya biyo ta su ne ke gaya masa cewa da tayin kake, ba da shi ba. In babba ne ƙwarai, ko mace ce da ba ka saba da ita ba, ka cire kalmar gaba ɗaya ka fara da sallama, ko ka tura saƙon murya don ta ji yadda ka faɗa.